Wangarawa da Shigowar Musulunci Kano

Wangarawa fatake ne kuma malamai daga ƙasar Mali, jinsin mutanen Mande, waɗanda suka yi suna a cinikin zinariyar Bambuk da Bure. Tun a shekarar 1154 masanin taswira al-Idrisi ya ambaci "Wangara" a matsayin ƙasar zinariya. Duk inda ayarinsu ya sauka, sukan tayar da masallaci da makarantar allo, har a wayi gari zango ya zama unguwa.

Littafin Tarihin Kano ya ce sun iso birnin a zamanin Sarki Yaji ɗan Tsamiya (1349 zuwa 1385), su kamar arba'in, jagoransu Abdurrahman Zaite. Suka kira sarki ga salla, ya amsa. Abin lura shi ne yadda aka raba aiki tun daga ranar farko: Gurdamus ya zama limamin sarki, Lawal ladani, Auta mai yanka naman da za a ci, Zaite kuwa alƙali. Wanda ya tanadi mai yanka tare da liman ya san addini ba a masallaci kaɗai yake zaune ba, yana shiga har tukunyar miya. Aka gina masallaci a gindin bishiyar da ake wa tsafi. Masu tsohuwar al'ada ba su ji daɗi ba, sukan bi dare su ƙazantar da wurin, sai da aka sa masu gadi. Littafin ya kuma danganta nasarar Yaji a kan garin Santolo da addu'ar waɗannan baƙi.

Musuluncin fada bai kafu nan take ba. Kananeji, ɗan Yajin da kansa, ya koma ga tsafin Tsibiri lokacin da yaƙin Zazzau ya matsa masa. A zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, ƙari a kan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi da aka riga aka sani.

Akwai saɓani kan lokacin zuwansu. Wani littafin Larabci, Asl al-Wangariyyin, wanda aka rubuta a Kano wajen 1650, ya sa isowar Zaite a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), har ya haɗa shi da Shehu Maghili. Masana da dama sun fassara wannan da cewa Wangarawa sun yi ta zuwa ne ayari bayan ayari, aka naɗe labarinsu duka a kan sunan babban malaminsu. Wannan fahimta ta fi kwanta wa hankali, domin kuwa haka fatauci yake tafiya.

Wanda ya shiga cikin birnin Kano yau zai tarar da sawunsu a unguwannin Madabo da Zaitawa da Mandawari.