Digirin Kimiyyar Siyasa: Nawa Yake Kawowa Gida?

Shirin yau ɗan ƙanwata ne ya jawo shi. Yaron a Kebbe yake, ya samu gurbin karatun kimiyyar siyasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai mahaifinsa ya kira ni ya ce, "Yaya, kai da ka yi irin wannan karatun, gaya mini gaskiya, in sayar da shinkafar bana in biya masa, ko in buɗe masa shago?" Wallahi na yi shiru. To amsar da na kasa ba shi a waya ita ce zan warware a nan, kuma sai mun ɗan koma baya.

Akwai wani kawuna a Tambuwal da ya gama wannan karatu a Zariya a ƙarshen shekarun 1970. Shi bai taɓa yawo da takardu a hannu ba. Yana gama bautar ƙasa gwamnatin jiha ta ɗauke shi jami'in mulki, aka ba shi gida, aka ba shi bashin mota, ya dawo gari da Fijo sabuwa dal. Har yau tsofaffi na ba da labarin ranar.

Me ya sa aka yi rububinsa haka? Gwamnati ce take faɗaɗa. A 1976 aka ƙirƙiri Jihar Sakkwato, a shekarar kuma aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a ƙasa baki ɗaya. Kowace ma'aikata tana neman sakatare, kowace ƙaramar hukuma tana neman wanda ya san sha'anin mulki, masu digiri kuwa a yankinmu ana ƙirga su da yatsu. Jami'ar Sakkwato ita kanta a 1975 aka kafa ta, sai 1977 ta fara ɗaukar ɗalibai. Ga kuɗin mai, ga ƙarin albashin Udoji da aka yi a tsakiyar shekarun. Karatun ma kusan kyauta ne. Ku tuna fa, zanga-zangar da ɗalibai suka yi wa Kanar Ahmadu Ali a 1978, wadda har aka rasa rayuka a Samaru, a kan ƙarin kuɗin abinci da na kwana aka yi ta.

Yanzu ga lissafin da nake so ku riƙe. A 1981, Shugaba Shehu Shagari, maƙwabcinmu na nan kan hanyar Sakkwato, ya sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 125 a wata. Lokacin naira ta fi dala daraja, kuɗin ya kai kimanin dala 200. A 2024 aka mayar da shi naira 70,000, amma a canjin wancan lokacin bai kai dala 50 ba. Wannan fa albashin na ƙasa ne, mai digiri a mataki na 8 yake farawa, amma iskar da ta kwashe wannan ita ta kwashe wancan. Tun 1986 abin ya soma, da Babangida ya kawo tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, aka dinga rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata. An ɗan samu sararawa da aka cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, sababbin kujeru suka fito, suka cike, shi ke nan.

Abin da na fahimta, darajar wannan digiri a aljihu tun asali a jikin aikin gwamnati take rataye. Wanda ya karanta likitanci ko haɗa magunguna yana iya buɗe wurinsa. Mu kuwa mai sayen kayanmu kusan guda ɗaya ne, in ya ce ya ƙoshi sai ka tsaya da kaya a ka. Ni da na gama, shekara uku na yi ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ni tsakiyar wata. Abokan karatuna wani yana POS, wani yana kai albasa Kudu, kuma maganar gaskiya mai albasar ya riga mu gina gida.

Wasu za su ce ai siyasa za ka shiga. To ku duba mazaɓarmu ta Kebbe da Tambuwal. Aminu Waziri Tambuwal ya wakilce ta daga 2003 zuwa 2015, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2011, ya yi gwamna shekara 8. Lauya ne, shari'a ya karanta a Ɗanfodiyo. Ba a tambayar digirin kimiyyar siyasa a wurin sayen fom na takara.

Amma kada in yi wa fannin rashin adalci. Ka wuce Tambuwal kaɗan ka isa Jega, garin su Farfesa Attahiru Jega. Wannan karatun ya yi a Kano, ya tafi Amurka ya yi digiri na uku, ya shugabanci ASUU, ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya riƙe INEC daga 2010 zuwa 2015. Sai dai ka lura, bai tsaya a digirin farko ba. Kuma ƙungiyar da ya taɓa jagoranta ita ce ta yi yajin aikin wata 8 a 2022, malaman kansu suna kukan albashi. Wannan ma kuɗi ne ga uba, don yaro na zaune a gida shekara tana tafiya.

Da na sake kiran mahaifin yaron, na ce ya sayar da rabin shinkafar, yaro ya nemi bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, kuma duk hutu ya dawo fadama, ya koyi kwamfuta sosai kafin ya gama. Ya ce zai yi shawara da ƙanwar tawa. Har yanzu dai bai kira ni ba, rajista kuma saura mako biyu.