Daga Gaban Malami Zuwa Jami'a: Tarihin Makarantun Maganin Gargajiyar Sin

Wani ƙanena da ya gama digirin farko a fannin haɗa magunguna ne ya tsare ni da tambaya. Wai yana son tafiya ƙasar Sin ya yi digiri na biyu a kan maganin gargajiyarsu da ilmin itatuwa, to wace makaranta zai nufa? Na ce masa ni ba likita ba ne, amma rabin amsar tana cikin tarihi.

A da can, mai karatu, a gaban malami ake koyon wannan sana'a. Ɗa ya gaji uba, almajiri ya shekara yana dakan saiwa kafin a bar shi ya taɓa jijiyar hannun marar lafiya. Shi kansa Li Shizhen, wanda ya kammala kundinsa mai magunguna 1,892 a 1578, a hannun mahaifinsa ya koya, bayan ya faɗi jarrabawar aikin gwamnati har sau uku.

A 1929 saura ƙiris a binne sana'ar baki ɗaya. Wani likita mai suna Yu Yunxiu, wanda ya yi karatu a Japan, ya kai shawara gaban kwamitin lafiya a Nanjing cewa a soke tsohon magani, a hana buɗe makarantunsa, kuma aka amince. Ran 17 ga Maris masu magani suka yi gangami a Shanghai, suka tura wakilai Nanjing, gwamnati ta ja da baya. Sai dai sun ɗauki darasi: wanda ba shi da aji da jarrabawa da takardar shaida, hukuma ba ta san da zamansa ba.

Gwamnatin Mao ce ta ba su wannan. A 1955 aka kafa cibiyar bincike a Beijing, a 1956 kuma kwalejoji huɗu: Beijing, Shanghai, Guangzhou da Chengdu. Ta Nanjing ta riga su, tun 1954, kuma malamanta na cikin waɗanda suka rubuta littattafan koyarwa na farko. Aka cusa ilmin sassan jiki irin na Turawa cikin manhaja. Ke nan abin da ake karantarwa yau tsari ne na shekarun 1950, ko da yake tushensa ya daɗe. Karatun gaba da digiri kuwa sai a 1978 aka fara ɗibar ɗalibansa, bayan guguwar Juyin Al'adu ta lafa.

Labarai biyu na ba ƙanen nawa. Na farko na Tu Youyou ne, wadda ta karanta haɗa magunguna na zamani kafin ta koyi na gargajiya. A 1969 aka ɗora ta kan neman maganin zazzaɓin cizon sauro. A littafin Ge Hong na ƙarni na 4 ta ga ana jiƙa ganyen qinghao, ɗan'uwan tazargade, a matse shi ba tare da dafawa ba. Nan ta gane zafi ne ke kashe ƙarfin maganin, ta sauya hanyar tacewa, a 1971 abin ya yi aiki. Daga nan artemisinin ya fito, wanda yau yake cikin ƙwayoyin da muke sha in damina ta kama. Ta karɓi kyautar Nobel a 2015, alhali ko digirin dakta ba ta da shi.

Na biyun ba daɗin ji. A farkon shekarun 1990, a Beljiyam, mata sama da 100 suka samu ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba. An musanya wata saiwa da wata mai guba, don sunayensu na Sinanci sun yi kama. Wasu daga baya har cutar daji ta kama su.

Shi ya sa na ce masa kada ƙaton gini ya ruɗe shi. Ya tambaya: akwai ɗakin gwaji da ake tantance itace da gubarsa? Akwai asibitin koyarwa? Hukumomin gida za su amince da takardar in ya dawo? In itatuwa yake so, Chengdu tana lardin Sichuan, matattarar tsirran magani. In zazzaɓi ne damuwarsa, Guangzhou ce gidan Farfesa Li Guoqiao, wanda tawagarsa ta yi aikin yaƙi da cutar a tsibirin Moheli na Komoros daga 2007.

Guangzhou ya zaɓa. Yanzu haka yana fama da haruffan Sinanci, ya ce ko ɗari uku bai riƙe ba tukuna.