Halittun cikin ƙasa da ƙananan dabbobi a dazukan Shira

Shira ƙaramar hukuma ce a masarautar Katagum, jihar Bauchi, hedikwatarta Yana. Dazukanta na bishiyoyi ne jefi-jefi da ciyawa, irin su kuka, tsamiya, gawo, aduwa, kalgo da sabara. Irin ƙasar wuri, laimarsa da inuwarsa su ke tantance halittun da za su zauna a cikinsa.

A fadamun Kogin Jama'are, inda laka ke riƙe ruwa, tana ta fi yawa. Ramukanta na buɗe wa iska da ruwa hanya zuwa saiwoyi. A jigawa kuwa, inda yashi ke saurin bushewa, gara da tururuwa suka fi ƙarfi. Gara na kwashe busasshen ganye da kirare zuwa cikin suri, tana fito da laka daga ƙarƙashi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ƙadandoniya da buzuzu kan fito. Da rani, yawancin halittun kan nutsa ƙasa neman laima.

Kurege na haƙa raminsa a ƙasa mai taushi a sarari, gafiya kan fake a gindin bishiya ko tsohon suri. Bushiya da jaɓa, masu cin ƙwari, sun fi son inda ganye ya taru.

Ƙona daji, sare itatuwa don gawayi da yawan kiwo na kwashe wannan rufin ganye. Ƙasa ta ƙeƙashe, ƙwari su ragu, dabbobin da ke cin su kuma su ƙaura.