Sa Hannun Malami a Kundin Digirin Digirgir: Nauyin da Ke Bayansa

Tsakure

Maƙalar ta dubi nauyin da ke wuyan malamin da ke duba aikin ɗalibin digiri na uku, ta hanyar bin diddigin wasu sanannun al'amura da suka faru a jami'o'in Amurka, Ingila, Holan da Nijeriya daga 1925 zuwa 2012. Ta nuna cewa amanar malami takan fi fuskantar jarrabawa a inda muradinsa ya yi karo da na ɗalibinsa: wajen mallakar abin da aka gano, wajen ingancin bayanai, da kuma ranar da sakamako ya saɓa wa ra'ayin manya.

Gabatarwa

A farkon kowane kundi akwai shafin da ba a cika tsayawa karanta shi ba, wato shafin amincewa, inda mai duba aiki da shugaban sashe da mai jarrabawa na waje suke sa hannu. Littattafan ƙa'idojin jami'o'i kan lissafa ayyukan mai duba aiki: taya ɗalibi zaɓen batu, ganawa da shi a kai a kai, karanta babi-babi, shirya shi don kare kundi. Duk gaskiya ne, sai dai waɗannan su ne masu sauƙin rubutawa.

Tsarin digiri na uku ya yi ƙarfi ne a Jamus bayan kafa Jami'ar Berlin a 1810. Jami'ar Yale ta ba da irin wannan digiri karo na farko a Amurka a 1861, Oxford kuma ta shigo da shi a 1917. Ya zagaye duniya, amma ƙashin bayansa bai canja ba: malami ɗaya mai wuƙa da nama, da ɗalibi ɗaya wanda digirinsa da takardar shaidar neman aikinsa da sunansa a fagen ilimi duk suna hannun malamin nan.

Wa ya gano?

A watan Oktoban 1943, Albert Schatz, ɗalibi ɗan shekara 23 a Jami'ar Rutgers ta Amurka, ya tsamo maganin sitireptomaisin daga wasu ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a cikin ƙasa. Shi ne magani na farko da ya yi wa tarin fuka tasiri sosai. A ɗakin gwaji na ƙarƙashin gini Schatz ya yi aikin, saboda haɗarin ƙwayar cutar da yake gwaji da ita, ofishin malaminsa Selman Waksman kuwa yana can sama. Maƙalar da ta sanar da maganin a 1944 sunan Schatz ne a gaba.

Rigimar daga kuɗi ta fara. An sa Schatz ya miƙa haƙƙinsa ga gidauniyar jami'ar, daga baya ya gane cewa malaminsa na karɓar kaso mai tsoka daga cinikin maganin. Ya kai ƙara a 1950. Aka sasanta a kan a amince da shi a matsayin abokin ganowa, a kuma ba shi kashi 3 cikin ɗari. Bayan shekara biyu aka ba Waksman kyautar Nobel shi kaɗai. Schatz kuwa, tun da ya kai malaminsa kotu, manyan ɗakunan bincike suka riƙa gudunsa. Sai a 1994 Rutgers ta karrama shi da lambar yabonta.

Waksman na da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Shi ya shafe shekaru yana nazarin ƙwayoyin ƙasa, shi ya tsara hanyar tantance su, shi ya samo kuɗin aikin. Laifin da ake iya ɗora masa kai tsaye shi ne ɓoye wa ɗalibinsa yarjejeniyar da ta shafi guminsa.

Labarin Jocelyn Bell ya fi wannan sarƙaƙiya. Ta yi shekara biyu tana taya haɗa na'urar sauraren sararin samaniya a Cambridge, mai faɗin fiye da eka huɗu. A 1967 na'urar ta fara fitar da doguwar takarda mai zane-zane, kusan mita 30 a kowace rana, ita kuma tana bin ta da ido. A ciki ta lura da wani ɗan zane da bai yi kama da sauran ba. Malaminta Antony Hewish ya fara ɗaukar sa a matsayin hayaniyar na'urorin mutane. Ta nace, har a watan Nuwamba ta kama siginar tana bugawa kowane daƙiƙa ɗaya da sulusi: wani sabon nau'in tauraro ne da ba a taɓa sani ba. An buga sakamakon a mujallar Nature a 1968, sunanta na biyu cikin biyar. A 1974 Hewish da Martin Ryle suka karɓi Nobel, ba ita.

Abin lura shi ne matsayin da ita kanta ta ɗauka. Ta bayyana cewa tunda malami ake zargi idan aiki ya lalace, ba laifi ba ne ya sami yabo idan ya yi kyau. Magana ce mai nauyi, amma takobi ce mai kaifi biyu, domin ta ɗora wa malami alhakin duk abin da ke cikin kundin, mai daɗi da marar daɗi.

Wa ya ga alƙaluman?

Nan ne al'amarin Diederik Stapel ya shigo. A lokacin farfesa ne na nazarin halayyar jama'a a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, kuma a idon ɗalibansa malami ne na kirki. Yakan zauna da ɗalibi su tsara tambayoyin bincike tare, sannan ya ce a bar masa wahalar tattara bayanai, yana da mutane a makarantun sakandare da za su raba takardun. Bayan 'yan makonni sai ya dawo da alƙaluma tsaf, sun yi daidai da hasashen da aka yi. Shi yake ƙirƙirar su.

Wasu matasan masu bincike uku ne suka tona asirin a 2011. Rahoton ƙarshe na kwamitocin bincike, a watan Nuwamban 2012, ya tabbatar da maguɗi a maƙalu 55, ya kuma gano alƙaluman ƙarya a kundayen digiri na uku guda 10 da ya duba. An wanke ɗaliban daga laifi, amma shekarun da suka zuba sun tafi a kan bayanan da ba su taɓa wanzuwa ba.

Maguɗin shi ya ja hankalin jaridu. Ga mai nazarin aikin jagoranci kuwa, ɓarnar ta riga maguɗin faruwa: malamin ya raba ɗalibansa da ainihin sana'ar da suka zo koya. Ko da alƙaluman na gaskiya ne, ɗalibin da bai taɓa fita ya tattara nasa ba, bai ga takardar da aka cike rabi aka bar rabi ba, bai gamu da sakamakon da ya ƙi bin hasashe ba, ya fita da digiri ba tare da horo ba. Kishiyar wannan ta fi yawa a jami'o'i, wato malamin da bai taɓa cewa a kawo masa ɗanyen bayanai ko faifan hirarraki ya gani ba, sai dai ya gyara waƙafi da aya ya sa hannu.

Idan ɗalibi ya saɓa wa manya

A 1925 Cecilia Payne ta nuna a kundinta a Harvard cewa haidurojin da hiliyom ne suka fi yawa nesa ba kusa ba a jikin taurari. Malaminta Harlow Shapley ya aika wa Henry Norris Russell na Princeton aikin, shi kuma ya ce hakan ba zai yiwu ba. Payne ta sassauta, ta rubuta cewa da wuya sakamakon ya zama gaskiya. A 1929 Russell da kansa ya tabbatar da abin da ta faɗa. Neman ra'ayin masani na waje daidai ne. Abin da ya rage a kan malami shi ne ya bi lissafin ɗalibarsa da kansa, ya san ko akwai abin tsaya mata a kai.

Akwai misalin da ya fi armashi a nan gida. H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya yi kira a wata maƙala ta 1961 da a mai da hankali ga jihadin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, a kuma karanta shi daga rubuce-rubucen Larabci na waɗanda suka yi shi. Ɗalibinsa a Ibadan, Murray Last, bai tsaya ga rahotannin Turawan mulki ba. Sakkwato ya tafi, ya zauna gaban Waziri Junaidu yana karanta wasiƙu da littattafan gidan waziri. Ya kammala a 1964, aikin ya fito a littafi a 1967, har yau ana dogaro da shi wajen tarihin Daular Usmaniyya. Malamin ya san inda iliminsa ya tsaya, bai kuma ji ƙyashin ɗalibinsa ya sha daga wata rijiya ba. Smith ne ya jagoranci sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya kuma zama daraktan farko na Gidan Arewa a Kaduna a 1970.

Lokaci da lafiya

Babin da ya yi wata da watanni a kan teburin malami ba ya shiga jarida, amma yana cinye kuɗin makaranta da wa'adin tallafi da haƙurin iyali. Binciken da Katia Levecque da abokan aikinta suka buga a 2017, a kan ɗaliban digiri na uku 3,659 a yankin Flanders na Beljiyam, ya nuna kusan kashi 32 cikin ɗari na cikin haɗarin kamuwa da lalurar ƙwaƙwalwa, musamman ciwon damuwa, kuma salon jagorancin malami na cikin abubuwan da ke da alaƙa da hakan.

Jami'o'in Turai sun amince a taron Salzburg na 2005 cewa a riƙa fayyace haƙƙi da nauyi a fili tsakanin ɗalibi da malami da jami'a. Shi ya sa wurare da dama suka koma naɗa malami na biyu ko kwamiti, da ajiye rubutaccen bayanin kowace ganawa, da yanke maganar jerin sunaye a maƙala tun kafin a fara rubuta ta. A inda malami ɗaya ke riƙe da ɗalibai masu yawa, ga koyarwa ga aikin ofis, matakin farko yana hannun sashe ne: ya ƙayyade yawan ɗaliban da kowane malami zai ɗauka, da yawan makonnin da babi zai yi kafin a mayar wa mai shi.