Igiyar Shekarun Aiki a Kakin Sojan Amurka

Igiyar shekarun aiki wani siririn ƙyalle ne da ake ɗinkawa a karkace a ƙasan hannun rigar fareti ta ƙananan sojoji, domin a san tsawon shekarun da mutum ya yi a bakin aiki. Daban take da igiyar muƙami irin ta kofur ko saje, kuma hafsoshi ba sa ɗaura ta. Kurtun da ya daɗe bai samu ƙarin girma ba, hannun rigarsa yana ba da shaidar juriyarsa.

Asali

A Amurka, tushenta yana cikin umarnin da Janar George Washington ya bayar a Newburgh ta jihar New York ranar 7 ga Agusta, 1782. Yaƙin neman 'yanci daga Ingila ya zo ƙarshe-ƙarshe, baitulmali babu kuɗi, sojoji na bin bashin albashi. A wancan zamani lambobin girma na manyan hafsoshi ne. Washington ya ce duk ƙaramin sojan da ya haura shekara 3 yana aiki da jarunta da riƙon amana da kyakkyawan hali, a ɗinka masa farin ƙyalle mai kusurwa a hannun hagu. Wanda ya haura shekara 6 a ba shi biyu. Ya kuma tanadi hukunci ga wanda ya ɗaura ba tare da ya cancanta ba. A cikin wannan umarnin ne aka ƙirƙiro lambar da daga baya ta zama Purple Heart.

Faransa ma tana da irin wannan al'ada: a rundunar Napoleon, igiya ɗaya ta shekara 10 ce, biyu ta 15, uku ta 20.

Sauye-sauye

Dokar tufafin sojan Amurka ta 1851 ta mayar da ita igiya ɗaya ga kowace shekara 5, a hannu biyu, ƙasa da gwiwar hannu. Wanda ya halarci yaƙi ana zagaye tasa da wani launi. A 1918 aka fito da wata alama dabam ga kowane wata 6 da soja ya yi a fagen daga a ƙetare. Jikanyarta a yau tana hannun dama.

A yau

Sojan ƙasa yana samun igiya ɗaya duk shekara 3, a hannun hagu. Sojan ruwa da masu gadin gaɓar teku da dakarun Marine sai sun cika shekara 4, kuma na Marine a hannu biyu suke ɗaurawa. Ta sojan ruwa ja ce, tana komawa ruwan zinariya bayan shekara 12. A da sai wanda bai taɓa samun tabo ba a tsawon shekarun. Daga 2019 aka cire wannan sharaɗi. Sojan sama ba su da igiyar, sai wata lambar ƙirji da aka kafa a 1957.