Daga lofe zuwa sigarin lantarki: me tarihi ya koya wa malamin aji?

Ka taɓa ganin ɗalibi riƙe da wani abu mai kama da biro, yana zuƙa, ƙamshin mangwaro na tashi? Sigarin lantarki ke nan. Kayan ne sabo, amma abin da ke ciki tsohon baƙo ne: nikotin.

Asalin taba daga nahiyar Amurka take. Ta iso Afirka ta Yamma wajen shekarar 1600, har Ahmad Baba na Timbuktu ya yi rubutu kan hukuncinta a 1607. A ƙasar Hausa ta shiga lofe, ta zama taba gari, mata kuma suka riƙa rina haƙora da furenta. Daga baya aka kafa masana'antar sigari a Zariya. A 1950 Doll da Hill a Ingila suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu. A 2003 wani mai haɗa magunguna ɗan Sin, Hon Lik, ya ƙera sigarin lantarki na zamani.

To, yaya aka yi ta ƙoƙarin kare yara? A 1983 aka fara shirin DARE a Los Angeles, 'yan sanda na shiga aji suna gargaɗi kan ƙwaya da taba. Da masu bincike suka bi sawun ɗaliban, sai suka ga kusan ba abin da ya canza. A 1998 jihar Florida ta gwada wata hanyar, kamfen ɗin Truth: aka nuna wa matasa dabarun da kamfanoni ke bi su mayar da su kwastomomin dindindin. Shan sigari tsakanin ɗalibai ya ragu. Matashi bai damu da ciwon da zai zo bayan shekara talatin ba, amma ba ya son a raina masa hankali.

Don haka idan kai malami ne a Rurum, ko Rano, ko Kibiya, ba sai ka jira littafi daga waje ba. Tura ɗalibanka su tambayi wani dattijo mai shan taba: a shekara nawa ya fara, sau nawa ya yi yunƙurin bari? Ku lissafa a allo kuɗin da yake kashewa a shekara. Tambaye su: wa aka yi wa ɗanɗanon alawa, dattijo ko yaro? Bayyana musu cewa hayaƙin nan ba tururin ruwa ba ne, yawanci akwai nikotin a ciki, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa sabo ke saurin kama yaro. Sannan su gwada a aji yadda za su ce wa aboki a'a.

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Amma doka ba ta zama da yaro a bayan aji lokacin tara. Abin da ka koya masa ne ke zama da shi.