Alkyabbar Sarki a Kan Jan Ƙarfe: Nazarin Hoton Henry Irving na Whistler, 1876–1877

Tsakure

Maƙalar ta nazarci hoton da James McNeill Whistler ya karta a farantin jan ƙarfe na ɗan wasa Henry Irving sanye da tufafin Sarki Philip na II na Sifaniya. Hujjarta ita ce, sutura ce ainihin abin da aka zana, kuma dabarar da mai zanen ya zaɓa ta dace da gajeren ran wasan.

Gabatarwa

A watan Afrilu 1876 aka fara nuna wasan Queen Mary na marubuci Tennyson a gidan wasan Lyceum da ke Landan, Irving yana fitowa a matsayin Philip. Wasan bai daɗe ba aka sauke shi. Amma shigar Irving ta kama idon Whistler, har ya zana shi a tsaye da fenti, ya baje hoton a Grosvenor Gallery a 1877. Wannan hoto yanzu yana Metropolitan Museum a birnin New York. Daga gare shi ne ya fitar da na jan ƙarfe.

Dabarar aiki

Kartar asid, wadda aka fi sani, ana shafe faranti da kaki, a ja layuka da allura, sannan a tsoma shi cikin asid ya cinye inda ƙarfe ya bayyana. A nan Whistler bai bi ta asid ba. Busasshiyar karta ya yi: allura kai tsaye a jikin ƙarfen, tana tafe tana tayar da 'yar geza a gefen kowane layi, kamar kunyar da garma ke tayarwa. Gezar nan ce ke riƙe tawada, ta ba layin laushi da duhu irin na karan-miski. Babu abin da ya fi wannan dacewa da alkyabba da hula mai gashin tsuntsu.

Sai dai gezar ba ta da ƙarko. Duk lokacin da faranti ya ratsa injin matsa sai ta ɗan kwanta, kafin a je ko'ina duhun ya dusashe. Saboda haka bugun farko-farko ne kaɗai ke ɗauke da abin da mai zanen ya nufa.

Tattaunawa

Wanda ya duba takardar da kyau zai ga idonsa na zuwa kan tsayuwa da faɗuwar alkyabba tun kafin ya kai ga fuska. A ganina Whistler bai damu da kamannin Irving sosai ba. Velázquez yake nema, mai zanen fadar Sifaniya da ya daɗe yana ƙauna, kuma tufafin dandali suka ba shi hanya.

Daga baya, kasuwa ma ta taka rawa. Bayan shari'arsa da mai sharhin zane-zane Ruskin a 1878 da karayar arzikinsa a 1879, Whistler ya ƙara riƙo da bugu kaɗan mai ɗauke da alamarsa ta malam-buɗe-littafi. A 1880 mijin yayarsa, Francis Seymour Haden, ya kafa Society of Painter-Etchers don a daina kallon mai karta a matsayin makwafin aikin wasu. Ɗan wasa ma irin wannan martaba yake fafutukar samu: sai a 1895 aka ba Irving lambar Sir, shi ne ɗan wasan kwaikwayo na farko da ya same ta a Ingila.